Ranar da Dinatu Ta Hana a Kashe Saba

A cikin bas ɗin Samaru Dinatu ta saurari saƙon, kuma da ta san abin da ke ciki da ba ta buɗe shi a gaban mutane ba. Muryar Bamidele ce, Dele abokin sana'arta, yana ba masu gidajen haya haƙuri a girup ɗinsu na WhatsApp. Wai shafinsu na intanet yana tsayawa ne saboda "wani gyara da Dinatu ta yi ba shawara", wai yau ɗin nan zai karɓi kula da injin shafin da kansa, ya mayar da komai yadda yake a da. Har da cewa a yi mata uzuri.

A yi mata uzuri! Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Ta jefa wayar a jaka, kunnuwanta na zafi har bas ya shiga Sabon Gari.

Tun suna ɗalibai suka kafa shafin nan su biyu. Mai gida a Samaru ko Bomo ya ɗora hotunan ɗakunansa, ɗalibi ya duba ya zaɓa, ba yawon rana ba ɗan kamasho. Dele ke hulɗa da masu gidaje, don shi baki ne da shi kamar mai tallan magani a tasha. Ita kuwa saba ce tata, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ke zaune a ɗakin bayan shagonsu, jikin bangon mai injin niƙa. Kwanakin baya ta sabunta PHP, yaren da aka rubuta shafin da shi, don tsohon an daina yi masa facin tsaro. To tun daga nan fa aka shiga uku. Saba ta yi ta aiki lafiya, sai ta fara nauyi, memorinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ya cika taf, shafi ya sandare. Dele ya kashe ya kunna, ta dawo garau, gobe ko jibi a sake. Ga shi ana komawa makaranta, kowa na neman ɗaki.

Dinatu ta tarar da Mama Bibiana a shago, wata mai gidan haya daga Bomo, ta baje a kan benci tana fifita da gefen zane.

"Yauwa, ga ta nan! 'Yata, me muka yi miki? Ɗakuna na nan ba kowa, hotuna sun ƙi hawa. Abu na aiki, ke kuma hannunki ya yi ƙaiƙayi?"

"Ina kwana, Mama. Yau za a san gaskiya."

Dele ya riga ya nufi ɗakin baya. Dinatu ta sha gabansa, ta dafa ƙofa da hannu biyu.

"Matsa in kashe in kunna, Dina. Mutane na zagina."

"Ba mai taɓa ta."

"Ke, ta kusa mutuwa fa!"

"Ta mutu mana. Kullum sai ka kashe ta kafin in ga abin da ke cin ta. Likita zai zo duba mara lafiya, kai ka riga ka yi masa wanka ka shafa masa hoda."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ni kalmar sirrin kawai, in mayar da tsohon PHP."

"In gyarana ne ya jawo, da hannuna zan rubuta maka ita, in ɗauki jakata, ba za ka sake ganina a shagon nan ba. Amma kafin nan, wanda ya danna maɓallin can, ni da shi ne."

Mama Bibiana ta riƙe haɓa. Dele ya yi tsaki ya koma kujerarsa, wayoyinsa biyu na ta kuka. Gaskiya Dinatu ta tsorata, don ta faɗi maganar ne ba tare da ta san komai ba tukuna. Amma fushi ya fi tsoron yawa.

Ta zauna a ƙasa kusa da saba, ta buɗe kwamfutarta a cinya, ta jero duk shirye-shiryen da ke gudana, ta sa ido. Shirye-shiryen da ke amsa wa baƙin shafi ba ruwansu: su yi aikinsu, su saki memori, su tafi. Ɗaya ne ya yi ƙatoto, wani ɗan shiri da ke zaune dindindin yana jiran hotuna, ya rage musu girma don su buɗe da sauri a waya.

"Mama, don Allah sake tura hoton nan."

Mama ta tura. Shirin ya ƙara kumbura, bai sauka ba. Ta sake turawa, ya sake kumbura. Dinatu ta buɗe rubutunsa, sai ga abin a fili: yana ɗaukar hoto, ya gama da shi, ya ajiye a gefe cikin memori, ba ya zubarwa. Kamar mai wanke-wanke da ke tara ruwan datti a ɗaki.

Sai dai murnarta ba ta je ko'ina ba. Rubutun nan tun zamanin ɗalibta yake haka, ba wanda ya taɓa shi. To me ya sa shekara da shekaru bai taɓa kayar da saba ba sai yanzu? In tsohon PHP yana share masa ɓarnar ne a ɓoye, sabon kuma ya daina, to Dele ya yi gaskiya ke nan. A waje wani ɗalibi ya leƙo yana cewa, "Oga, una site don hang again o," wato shafinku ya sake tsayawa, Dele na ba shi haƙuri da ƙarfi don ta ji.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Injin niƙa ya yi tari ya yi shiru, layin gaba ɗaya ya ɗauki "Kash!", mai walda ya aika wa masu wuta da abin da ya saba aika musu. Dinatu ta kai hannu za ta rufe kwamfutarta, don jikinta ya saba in wuta ta tafi aiki ya tsaya. Sai ta ji fankar saba na ci gaba da hurawa abinta.

Ta tsaya cak. Sola! A makon da ta sabunta PHP, a makon ne Toma mai haɗa wuta ya kafa musu sola da batura. Kafin nan kuwa, wace rana ce saba ta taɓa wuni ta kwana a kunne? Kullum sai an ɗauke wuta, ta mutu, ta farka da memori wanke tas. Ashe masu wuta ne ke yi musu kashe-kunna kyauta duk shekarun nan, su kuma suna tsine musu.

Dariya ta ƙwace mata, irin mai ɗaci ɗin nan. Ta ɗora tsohon PHP a kwamfutarta, ta kunna shirin, ta juye masa tarin hotuna, sannan ta fito ta dangwarar da ita a gaban Dele.

"Ga tsohonka da kake kuka a kai. Kalli lambar memorin nan."

Lambar ta yi ta hawa, ba ta sauka. Ta yi masa bayanin sola. Dele ya kalli allo, ya kalli ƙwan da ke ci a saman kansa, ya kalli layin da ba wuta.

"Wa ya rubuta wannan wurin?"

"Mu biyu, a kwamfuta ɗaya. Kada ma ka fara nema."

"Oho, an bar jaki ana dukan taiki ke nan," in ji Mama Bibiana, tana harararsa kamar ba ita ta fara faɗa ba.

Gyaran bai fi layi biyu ba. Dinatu ta rubuta, ta gwada, lambar ta hau ta sauka yadda ya kamata. Saura ta tura wa saba. Ta ɗora yatsa a kan maɓalli, ta ɗage, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Danna mana!" in ji Dele. "Ai shi ke nan, na gane. Yi haƙuri."

"Ba a nan ka ɓata ni ba."

"Haba Dina, an jima zan…"

"A girup ka faɗa, da muryarka, kowa ya ji, har mutanen cikin bas. Can za ka gyara. In ba haka ba, ga sabarka nan, ka cire ta daga sola ka roƙi masu wuta su ci gaba da taimakonka."

Wayarsa ta sake ɗaukar kuka. Shafi ya sandare gaba ɗaya. Dinatu ba ta motsa ba, ko da yake shafin nan rabin ranta ne. Mama ta gyara zama, ta ce ita fa ba inda za ta sai ta ji.

Dele ya ɗauki wayar kamar mai ɗaga dutse, ya danne alamar murya, ya gyara maƙogwaro.

"Jama'a, Bamidele ne. Maganar da na yi da safe a kan Dinatu, ban yi daidai ba. Ba gyaranta ba ne. Ita ce ma ta gano matsalar, kuma injin na hannunta kamar yadda yake."

Ta jira sai da ta ji saƙon ya shigo wayarta. Sannan ta danna.

"Mama," ta ce, "tura hotunanki."