Faɗuwar Doña Herminia ta Uku

Da hantsi na leƙa ta shinge na hango maƙwabciyata Doña Herminia kwance a kan duwatsun tsakar gida, ruwan safe ya jiƙe mata siket, takalmi ɗaya can gefe. Shekarunta tamanin da uku, ita kaɗai a gidan tun rasuwar mijinta.

Na tsallaka a guje. Ina ɗaga ta ta damƙe mini wuyan hannu.

"Nubia, don girman Allah kar ki gaya wa ɗana Arcesio."

"Iya, karo na uku ke nan a wata guda!"

"Ke aka ɗauka aikin ƙirge? Ya rantse in na sake faɗuwa zai kai ni birnin Manizales ya ajiye ni a bene hawa huɗu. Can zan mutu, 'yar nan."

Na yi mata alkawari. A ranar na taso mijina Gildardo daga gonar kofi. Ya saro gora a bakin rafi, muka kafa mata abin dafawa daga ƙofar ɗaki har banɗaki. Na kankare gansakukar duwatsun da wuƙa har yatsuna suka fashe. Na ɓoye silifas ɗinta, na ba ta takalmina mai igiya. Kwana huɗu tana tafiya tana dafe da gorar, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Har wainar masara ta gasa mana.

Ran Lahadi ɗan nata ya iso bayan an taso daga coci. Bai ko zauna ba. Ya shafa gorar, ɗanya shar, ya dubi uwarsa.

"Mama, me ya kawo wannan?"

"Shanya nake yi a kai."

Ya ɗage mata hannun riga, ga gwiwar hannu ta yi baƙi ƙirin. Ya shige ɗaki ya fara tura kayanta cikin jaka, yana share hawaye da kafaɗa.

Ta rungume gorar da hannu biyu. "Nubia! Faɗa masa ban faɗi ba! Faɗa masa mana!"

Arcesio ya fito ya zuba mini ido. Na buɗe baki, na tuna yadda kanta ya kusa buguwa da dutsen wanki, ƙaryar ta ƙi fita.

Ɗaya bayan ɗaya ya ɓamɓare yatsunta daga gorar, ya ɗauke ta cak zuwa mota.

Wata biyu ke nan. Duk Lahadi sai na buga waya, matar Arcesio ta ce mini Doña Herminia tana barci.