Talaucin Ranar Asabar

Tun da ɗaliban jami'a suka cika Lafia, masu gidajen haya suka haukace. Ɗakin da jiya akuya ke kwana ciki, a shafa masa fenti, a kafa famfo a lungu, sai ka ji sunansa ya koma "sef-konten", wai ɗaki mai komai da komai a ciki. Mai gidanmu Baba Mu'awiya shi nasa salon daban ne. Ba ya tambayar dillalai farashi, hancinsa yake tambaya. Duk Asabar zai taso daga Shabu a kan babur, ya tsaya tsakar gida yana shaƙar iska. Wanda miyarsa ta yi ƙamshin nama, ƙarshen shekara zai ga ƙarin kuɗin haya.

Maƙwabciyata Hembadoon mai sayar da doya ita ke ɗakin bakin ƙofa. Ga iska, ga rumfar da take jibge doya in mota ta kawo daga Doma. Ba don rumfar nan ba, da sana'arta ta daɗe da durƙushewa. Don haka ta mai da Asabar ranar talaucinta. Ta lulluɓe firij da tsohon zani ta jera kwanuka a kai, ta sa silifas wari da wari, ta ɗora miyar kuka ko daddawa babu. Matar da sauran ranaku dakan sakwararta ke hana mu barcin rana!

"Ya kasuwa, 'yata?" in ji Baba.

"Baba lanlod, kasuwa ya mutu. Doya ya ruɓe, kwastoma babu. Garin rogo kawai muna sha," in ji ta da gurguwar Hausarta.

Sai ya leƙa tukunya ya girgiza kai, mu kuwa muna laɓe muna danne dariya. Ta ƙware har tari take ƙarawa. Ni da nake shan romon akuyarta ran Lahadi, wani sa'in sai in ji tausayinta ya kama ni.

Da shekara ta zagayo, Baba ya tara mu gindin mangwaro ya bi mu ɗaya-ɗaya da ƙari. Ni kifin da na soya ran wata Asabar ne ya ja min, har yau abin na ci min rai. Da ya zo kan Hembadoon sai muryarsa ta yi sanyi.

"Ke kam ba zan ƙara miki ba. Ina tsoron Allah."

Ta kashe min ido.

"Ragi ma zan yi miki," in ji shi. "Halin da kike ciki ya tsaya min a zuciya. Ɗakin nan ya fi ƙarfinki, na ba wani malamin jami'a. Ki koma ƙaramin can na kusa da banɗaki."

"Baba! Rumfa fa? Doya na fa?"

"Wace doya? Ba ta ruɓe ba?"

Ta zabura ta faɗa ɗaki, ta fizge zanin nan, kwanuka suka tarwatse.

"Baba, duba! Firij! Nama ya cika ciki! Ni mai kuɗi ne, abeg, don Allah, ka ƙara mini!"

Baba ya daɗe yana kallon firij ɗin, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya juyo gare mu.

"Allah sarki. Kun ga baiwar Allah, har kayan mutane take aro don kada ta ji kunya."

Da la'asar ni na kama mata kaya zuwa sabon ɗakin, kuma wallahi dariyar ta ƙi zuwa. Muka juya firij ɗin ta tsaye, muka juya ta kwance, ƙofar ta ƙi karɓarsa.