Shaidar Mai Feshi

Ranar Litinin, hantsi bai gama ɗagawa ba motar Haj Hashim ta tsaya a ƙofar gidan, aka shiga sauke kujerun roba da dardumai da raguna biyu masu ƙaho kamar na layya. Hindu na tsaye da muciya a hannu tana kallon ikon Allah. Shekara goma sha tara mijinta Gado yana goya tulun feshi a gonakin mutumin nan, yana dama maganin ƙwari da hannunsa har gwiwar hannu, ko ruwan sanyi ba a taɓa aiko musu ba. Yau ga raguna.

Daga ɗaki tarin Gado ya taso, irin wanda ke naɗe mutum gida biyu. Kaka biyu ke nan da ya ajiye aiki. Likita a birnin Damazin ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya ce guba ce ta cinye huhun, sai an kwantar da shi watanni ana ba shi iska. Abin ya fi ƙarfinsu, suka dawo ƙauye da ƙwayoyi a ƙunshin takarda.

Sai ga labarin doka. Wata 'yar majalisar wilaya, wato jiha, Ustaza Hanaa, ta kawo ƙudurin da zai tilasta wa masu manyan gonaki su ba masu feshi abin rufe hanci da safar hannu, kuma duk wanda guba ta kwantar, jinyarsa na wuyan mai gona. Sau uku Hindu ta sa 'yarta Fauziyya ta maimaita mata wannan gaɓa ta ƙarshe. A kanta ta rataya ranta.

Su kuwa masu gona, sai ka ce an taka musu wutsiya. Ƙungiyarsu ta yi ruwa ta yi tsaki: takarda kan takarda zuwa majalisa, walima kan walima, ga lauyanta kullum a rediyo yana kukan tattalin arziki zai durƙushe, masu jari za su tsere, riɗi da auduga za su ruɓe a gona. Mutanen da tumbinsu ke riga su shiga ɗaki, su ne safar hannu za ta talauta! Da majalisa ta ce za ta turo kwamiti ya ji daga bakin leburori, ƙungiya ta ce ita za ta ɗauki ɗawainiyar zaman, don karamci kawai. Ita ce kuma ta zaɓi gidan wanda ya fi kowa daɗewa a feshi, wato Gado.

Hindu ta leƙa ɗaki. "Malam, yau dai ka gaya musu. Duka. Har jinin da kaka tofarwa."

"In sha Allahu," in ji Gado.

Ta san wannan in sha Allahun, ba ta kuwa ji daɗinsa ba.

*

Abinci aka fara ci. Haj Hashim ya zaunar da Gado kusa da shi a rumfa, gwiwa da gwiwa, yana yagar nama yana tura masa gaba, yana kiransa ɗan'uwa. Hindu na bayan zana da sauran mata suna wanke-wanke, idonta a kafar zanar.

Da aka kwashe kwanuka, Ustaza Hanaa da ta zo cikin kwamitin ta gyara zama, magatakarda ya buɗe littafi.

"Baba Gado, yaya jikinka?"

Duk wanda aka raina a gidan Hausa ya san amsar wannan tambaya, ko da ana jan ransa ne. Kafin Gado ya yi tunani, bakinsa ya riga shi.

"Alhamdu lillahi, da sauƙi. Lafiya lau."

"An ce kana tari. Maganin feshi ne ya jawo maka?"

Gado ya dubi yatsunsa, maiƙon rago bai bushe ba. Ya dubi Haj Hashim, wanda a daidai lokacin yake tsiyaya masa gahawa daga jabana, 'yar butar dafa ta, da hannunsa.

"Ciwo na Allah na, ɗiyata. Ba mutum ka sa shi ba."

"To mai gonar, ya taɓa cutar da kai?"

"Haj Hashim? Ban san shi da komi ba sai alheri."

Lauyan ƙungiya ya ranƙwafa kan magatakarda. "Rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma."

Tari ya taso wa Gado. Ya danne shi har idanunsa suka kawo ruwa, sannan ya nemi gafara ya zagaya bayan gida, don kada ya ɓata wa baƙi abin da suka ci.

Ana tashi daga zaman, Hindu ta yi jifa da kwanon da ke hannunta. Ta yafa mayafi ta ratsa tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan, ta tare Ustaza Hanaa a bakin mota.

"Ya Ustaza, wallahi ba gaskiya yaf faɗi ba! Kunya ta! Mutumin ga mutuwa shikai!"

"Na sani, Hajja, na ga idonsa." Muryar matar ta gaji. "Amma abin da ya fito bakinsa aka rubuta. Ranar Alhamis za a yi muhawara. Ki kawo shi majalisa ya faɗa da kansa, ni zan tsaya masa."

*

Da la'asar, bayan an kwashe kujeru, Hindu ta tsaya a kan Gado.

"Mi ya hana ka, Malam? Mi?"

"Hindu, naman mutum na cikina, finjalin gahawarshi na hannuna, in buɗe baki in tozarta shi gaban baƙi? Ba haka uwata ta raine ni ba."

"Shi ma ya san haka! Shekara goma sha tara yana kallonka, ya san irin tarbiyyar da aka yi maka. Ba rago yay yanka ba, halshenka yay yanka!"

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"To ga Alhamis. Fauziyya ta yi magana da mai mota."

"In tai gaban hukuma da furfurata, in ce abin da nif faɗi ran Litinin ƙarya na? Halas, magana ta ƙare, Hindu. Bar ni in mutu da mutuncina."

Ya juya fuska bango. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi lallashi. Ta kira ƙanensa, ƙanen ya ce ai yaya ya yi abin da ya dace da dattijo. Ta kira liman, liman ya yi mata nasiha kan haƙuri. Haushinsu ya fi na Haj Hashim cin ranta, domin shi ko ba komai ya san abin da yake yi. Alhamis ta zo, mai mota ya jira har rana ta take, ya yi tafiyarsa.

*

Ranar Asabar da safe Fauziyya ta kunna rediyo. An zartar da doka, amma an cire gaɓar jinya, an bar maganar safar hannu ga ganin damar mai gona. Lauyan ƙungiya ya yi godiya da aka saurari masu samar wa jama'a aiki, aka kuma saurari ma'aikata su kansu. Ya kawo misali da wani dattijo, Gado, shekara goma sha tara yana feshi, ya shaida da bakinsa cewa lafiyarsa lau.

A kan gadon igiyarsa, Gado ya ɗago kai. "Sunana yaf faɗi?"

Wani ɗan murmushi ya ɓullo masa, tari ya zo ya share shi. Hindu ta tara masa kwanon silba har ya gama tofar da jinin.

Sai ga sallama a tsakar gida. Matan unguwa ne, biyar ko shida, sun zo barka, an ji sunan Malam a rediyo. Fauziyya ta shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Hindu ta ɗauki faifai za ta rufe kwanon kamar yadda ta saba in an yi baƙi, ta tsaya tana kallon faifan, ta mayar da shi kan randa.

Ta fito da kwanon a buɗe, ta ajiye shi tsakiyar tabarma, inda ake ajiye tiren gahawa, ta zauna ta naɗe ƙafa. Matan suka dubi abin da ke ciki, kowace ta nemi wani wurin da za ta kai idonta. Ba wadda ta tambayi mai jiki. Ƙudaje suka fara sauka a bakin kwanon, Hindu ba ta kore su ba.