Kaset-kaset a Kular Miya

"Addu'a ka zo yi mini, ko ƙwace?" in ji Dede Udensi, ko kansa bai ɗaga daga matashi ba.

Nwanyieze, maƙwabciyarsa mai tuyar ƙosai a bakin layi, tana tsaye da kular miya a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta. Kujera ɗaya ce a ɗakin, Fasto Ogbonnaya ne a kai. Kelechi, ɗan Dede, yana tsaye a bayansa ya ɗaure fuska.

Duk garin Aba babu wanda bai san faston nan ba. Kafin ya rungumi Littafi Mai Tsarki, shi ne Oggy, mai jita kuma mawaƙin Egbe Igwe, ƙungiyar kiɗan rok da ta shekara ashirin tana cika filin ƙwallo maƙil. Udensi bai taɓa fashin wasansu ba. Yakan rarake burodi, ya cusa 'yar rakoda a ciki, ya wuce masu tsaron ƙofa yana gatsar gefen. Kamfanin da ya buga faifansu ya daɗe da rushewa, don haka abin da ya rage na kiɗan shi ne kaset-kaset ɗin Dede da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon nan.

"Ɗan'uwana, kiɗan duhu ne," in ji faston a hankali. "Na tuba. Ba na so in tsaya gaban Ubangiji wannan abu yana bina. Ka bari a ƙona."

"Kai ka kaɗa, ni na ji. Naka ya ƙare tun a filin, wannan nawa ne." Tari ya sarƙe Dede, sai da ya lafa ya ci gaba. "Shekara ashirin ina tsaye ƙiƙam, ban tafa ba, ban yi ihu ba, ko atishawa haɗiye ta nake don kada in ɓata maka sauti. Yau ka ce in ƙona? Oggy, tashi ka ba ni wuri."

"Baba, Fasto ake cewa," in ji Kelechi.

"Da kai nake? A gaban lasifikar mutumin nan na haɗu da uwarka. Ba don kiɗan duhun ba, ina za a samo ka?"

Da mazan biyu suka fita baranda, Nwanyieze ta ji Kelechi yana cewa, "Ka yi haƙuri, Fasto. Likita ya ce ba zai wuce mako biyu ba. Bayan nan kwalin naka ne."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ita dai rok hayaniya ce a wurinta, ta sha faɗa wa Dede haka ta kan katanga. Amma a zauna ana ƙirga wa mutum kwana don a ƙona abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai? Wannan ya ba ta haushi ƙwarai.

"Ka ji su, Dede?"

"Kunnena ne kaɗai bai mutu ba. Juye miyar nan, ki wanke kular. Kaset shida take ci in kin jera su a tsaye. Ki bar gidajensu a kwalin, ba wanda zai buɗe."

Kwana takwas tana shiga da miya, tana fita da kiɗa. Rana ta tara, da hantsi, ta same shi ya juya fuska ga bango, jikin ya yi sanyi. Ta zauna a bakin gadon ta yi kukanta son ranta kafin ta kira kowa.

Kwana biyu da binne shi, Kelechi ya fito da kwalin tsakar gida, ya tsiyaya kalanzir, faston ya yi addu'a, aka ƙyasta ashana. Nwanyieze ta jira sai da hayaƙin roba ya tashi, sannan ta zura kaset a tsohon rediyonta na wurin tuya, ta murɗa shi har ƙarshe. Ihun dubban mutane ya cika layin, jita ta biyo baya.

Kelechi ya fito a guje. "Mama, kashe wannan abu!"

"Rediyona ne, bakin ƙofata ce. In ka isa, zo ka kashe."

Bai zo ba. Ya waiwaya yana neman faston ya sa baki.

Fasto Ogbonnaya yana tsaye a bakin kwata, idanunsa a rufe, Littafi rungume a ƙirjinsa. Yatsun hannunsa na hagu suna hawa suna sauka a gefen bangon Littafin, kamar a wuyan jita.