Kabarin Tabitha

Tun da Ambrose Keldon ya sakar wa ɗansa ragamar gonakin gidansu, sai ya duƙufa bin salsalar zuri'arsu. Duk kakanninsa ya same su kwance a harabar cocin ƙauyensu, kowa da sunansa jikin dutse, ban da Tabitha, ƙanwar kakansa, wadda ta auri makiyayin tumaki aka daina ambatonta a gidan.

Da ƙyar ya gano kabarinta a wani ƙauye bayan tsauni. Ya zaci ciyawa ta cinye shi, sai ya tarar da wata tsohuwa durƙushe tana dasa furanni.

"Bawan Allah, ka taka mini shuka," in ji ta.

"Yi haƙuri. Kin san mai kabarin nan?"

"Kakata ce. Sunana Hester." Ta ƙare masa kallo, ta fashe da dariya. "Wannan dogon hancin ai na gidan Keldon ne! Kullum takan ce wata rana ɗayanku zai zo."

Ambrose ya cire hularsa, idanunsa suka ciko. "Mun makara, 'yar'uwa."

"Ai ka zo. Kama ni in tashi, mu je gida ka sha shayi."