Ciwo Ɗaya a Zuwa Ɗaya

Sabuwar huda Baba Direba ya yi wa bel ɗinsa da ƙusa, amma duk da haka da hannu yake tallafe wandon. Yana zaune a ɗakin jira na ƙaramin asibitin unguwarsu, kusa da 'yarsa Auta, wadda ta roƙi a ɗaga mata aikin safe a gidan burodi don ta rako shi.

Asibitin a da shagon sayar da katifa ne. Katako aka gitta aka fitar da ɗakunan likita biyu, don haka in mutum ya yi tari a ɗaya, sai na ɗayan ya ce masa sannu. Fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. A bango, sama da kan matar da ke kiran suna, an liƙa sanarwa da manyan baƙaƙe: CIWO ƊAYA A ZUWA ƊAYA. Duk wanda ya kafa dokar nan, da gani bai taɓa tsufa ba.

Shekara da shekaru likita ɗaya ne a wurin, wani dogon dattijo da ya san kowa har kakansa. Shi ya yi jinyar mahaifiyar Auta har Allah ya karɓi abarsa. Da ya yi ritaya sai wurin ya zama tasha, yau wannan likita, gobe wancan, babu mai daɗewa har ya riƙe fuskar mutum. Baba ya sha zuwa shi kaɗai, kullum ya dawo da ƙwayoyin kashe zafi a aljihu, yana ta ramewa. Abinci ya fita ransa. Banɗaki ya zama wurin zamansa. Har wankin kayansa ya ƙwace daga hannun Auta, mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye sabulu ba. Auta tsoro take ji ƙwarai, domin shi kaɗai ya rage mata.

"Baba, yau da ni za a shiga," in ji ta. "Kuma don Allah ka faɗa musu komai."

"Komai?" Ya nuna bangon da haɓa. "Ɗaya suka ce. Ni da na tsufa ina bin dokar hanya, yau zan karya ta bango?"

Ta yi dariya ba don ranta ya so ba.

Likitan ranar matashi ne, idanunsa jajir don gajiya, ga kofin shayi a gefensa ya huce tuntuni. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Har miƙewa ya yi ya gyara wa Baba kujera, sannan ya koma ya fuskanci kwamfuta.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Yatsun likita suka hau aiki nan take.

"Babu wani sauƙi, likita," in ji Auta. "Dubi wuyansa. Dubi wandonsa."

Likitan ya juyo. "To, Baba, me ya fi damunka? Ɗaya za mu duba yau, sauran sai a sa maka wata rana."

Baba ya buɗe baki, ya dubi 'yarsa, ya mayar da ido ƙasa. Ta bayan katako ana jin wata baiwar Allah tana ba ɗayan likitan labarin basirinta dalla-dalla, ba abin da ba ya isowa kunne. Baba ya shafa cinyarsa.

"Ƙafa ce," ya ce. "Daga ƙugu zuwa gwiwa."

Ƙafar kuwa ta samu kulawa. Likita ya durƙusa ya lanƙwasa ta, ya miƙe ta, ya danna nan ya danna can, ya tambayi aikin da Baba ya yi a rayuwa. Da ya ji motar haya ya tuƙa sai ya gyaɗa kai, ya ce ai ciwon tsofaffin direbobi ne. Auta ta sake kawo zancen rama. Ya ce wanda zogi ya hana barci dole ya rame, a bari a ga aikin sabon maganin. Ya miƙa takarda, ya tashi, hannunsa ya riga ya kai ƙofa.

"Akwai wani abu, Baba?"

Baba bai tashi ba. Ya jujjuya takardar a hannunsa. "Sai dai..."

Aka ƙwanƙwasa, mai kiran suna ta leƙo a firgice. "Likita, an kawo wata jaririya tana shiɗewa, kuma layi ya kai bakin titi."

"Ina zuwa. Sai dai me, Baba?"

"Sai dai godiya. Allah ya yi albarka."

Auta ta fito da sanyin zuciya. Likita ya taɓa ubanta da hannunsa, ya ba ciwon suna, sunan kuma ba mai ban tsoro ba ne. A hanya har tsokanarsa ta yi, wai motar da ya wahalar ce take rama wa kanta.

Watanni suka shige, ƙwayoyi suka ƙare aka karɓo wasu. Wata safiya ta fito za ta tafi aiki ta tarar da shi durƙushe a ƙofar banɗaki, gumi ya jiƙa masa riga, fitsari ya ƙi fita sam. Maƙwabta suka taimaka aka kai shi babban asibiti.

Bayan an yi gwaje-gwaje da hotuna, likitar da ke kula da shi, wata babbar mace mai magana a hankali, ta ja Auta zuwa baranda.

"Kin san yana ganin jini a fitsari?"

"Wane jini?"

"Ya ce ya kusa shekara. Ciwon daji ne a mafitsara, kuma ya riga ya kai ƙashi. Shi ne ciwon ƙafar da yake ji. Za mu rage masa zafi iya ƙoƙarinmu, amma ba zan yi miki ƙarya ba, an makara."

Auta ta dafa bango. Sai yanzu ta gane abin da yake wankewa a ɓoye. Ta dubi likitar. "Yaya aka yi ya faɗa miki?"

"Ƙofa na rufe, na zauna, na tambaye shi."

Ta same shi a kwance, ya ƙara ƙanƙancewa a cikin farin zanen gado. Ya ja bargo ya rufe robar fitsarin da aka sa masa don kada ta gani. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Ta zauna a bakin gadon.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ran da na raka ka, me ya hana?"

"Na so in faɗa. Kina zaune."

"Ai da ka ce in fita."

"Kin bar aikinki kin rako ni, sai in kore ki a gaban mutane?"

"To sauran zuwan fa? Duk zuwan da ka yi kai kaɗai, ba sa tambayarka?"

Ya auna maganarsa kafin ya amsa, don shi ba ya son ɗora wa kowa laifin da bai yi ba.

"Ba su tambaye ni ba, Auta. Gaishe ni suke yi. A ce yaya jiki, in ce da sauƙi, ai haka ake amsawa. Ina jira a gama gaisuwa a shiga magana, sai in ga an miƙo mini takardar magani." Ya numfasa. "Yara ne masu kirki. Aiki ne ya yi musu yawa."

Ta kama hannunsa, hannun da ta san shi da kauri da ƙarfi, ta ji duk ƙasusuwansa a tafinta.

Wani nas ya shigo da safar hannu da tasa, ya ce zai sauya ledar fitsari. Baba ya zare hannunsa a hankali, ya kau da fuska wajen taga.

"Auta," ya ce, "ɗan ba mu wuri."

Ta tashi ta fita, ta jawo masa ƙofar har ta rufu. A barandar ta tsuguna, ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta.