Kujerar Lauya Mubita Ta Ƙi Motsi

Tun ƙarfe tara na safe Luyando ta kasa zama. Ta aika saƙon imel ga mutum ɗari huɗu da sha biyu, duk wanda ya taɓa kawo kujera gyara shagon kawunta a Kamwala, sannan ta shiga zarya tsakanin teburinta da bakin ƙofa, waya a hannu.

Wata shida ta yi tana fama da Kawu Habeenzu kafin ya yarda. Shekara talatin yana yi wa kujerun ofisoshin Lusaka sabon soso da sabuwar riga, kuma tallarsa ɗaya ce, allon da ke saman ƙofa, wanda rana ta cinye rabin haruffansa. In ka ce masa shagon tsallaken titi yana kwashe masa mutane, sai ya ce mai kujera ya san hanya. A ganin Luyando, irin wannan maganar ce ke kashe sana'a tana tsaye. A ƙarshe ya ce ta gwada sau ɗaya. In ya ga alheri ta ci gaba, in ya ga shirme ta koma yankan yadi, kada ya ƙara jin kalmar imel.

Duk abin da ta koyo a kwaleji ta zuba. Hoto mai motsi guda ɗaya, mara nauyi, don kada ya cinye wa mutane data. Da farko kujera ce yagaggiya, soso a waje kamar hanjin akuya, sai ta rikiɗe ta zama sabuwa fil cikin fata ruwan ƙasa. A ƙarƙashi an rubuta: Aikin hannunmu ke nan. A wayarta ya yi kyau, a wayar ƙawarta ma haka.

Wajen goma da rabi wayar Kawu ta yi ƙara. Ya tofar da ƙusoshin da ke bakinsa a tafin hannu, ya saurara, fuskarsa tana ɗaurewa.

"Luyando! Zo nan, 'yar boko."

"Na'am, Kawu."

"Mama Namukolo ce, sakatariyar Lauya Mubita. Ta ce me suka yi mana da za mu tona musu asiri a gari? Ga kujerar Lauya a yage, ga takardar sunan ofishinsu a jiki, ga mu muna alfahari aikin hannunmu ne."

"Ai motsi take yi! Ta ɗan jira kaɗan za ta ga..."

"Ta ce ta jira har shayinta ya huce." Ya nuna mata ƙofa da guduma. "Shekara ashirin da biyu suna kawo mini aiki. Je ki gani da idonki. In sun tafi, kin san inda almakashinki yake."

Ƙaramar bas ɗin da ta shiga ta tsaya cak a cunkoso, kwandasta yana ta kiran mutanen da ba su da niyyar zuwa ko'ina. Luyando ta buɗe saƙon sau bakwai, sau bakwai kujerar ta rikiɗe. Ta sauka tun ba a kai ba, ta ƙarasa titin Cairo da ƙafa, ta hau bene hawa uku tana haki.

Mama Namukolo ba ta ce mata zauna ba. Ta dai juyo mata da fuskar kwamfuta. Ga kujerar nan a sandare, soso a waje. Takardar sunan da take wucewa kamar ƙiftawar ido a waya, a nan ta zauna daram, ko mai ciwon ido zai karanta.

Luyando ta gane nan take, kuma ganewar ta ƙara mata zafi. "Mama, wannan manhajar ai ta kusa girme ni! Tsofaffin nan ba sa motsa hoto, na farkon kawai suke nunawa su tsaya. Me ya sa ba za ku canza ba? Duniya ta wuce nan!"

"To, ke da duniyar sai ku sauka lafiya." Mama ta cire tabarau. "Dubi kujerar da kika dafa. Sau uku kawunki ya yi mata riga. Wanda ya gyara kujera sau uku, kina zaton zai sayi sabuwar kwamfuta don hotonki ya yi rawa? Masu sabuwar kwamfuta sabuwar kujera suke saye, 'yata. Mu ne mutanenku."

Luyando ta saki kujerar. Sunayen da ta aika wa suka riƙa zuwa mata, ofisoshin coci, makarantu, ƙananan asibitoci. Rabinsu yagaggiyar kujera suke kallo yanzu. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta zaro kwamfutarta daga jaka. Ta mayar da sabuwar kujera farko, ta ɗora lambar shago a kanta, yadda ko hoton ya sandare, a kan abin kirki zai sandare. Yagaggiyar ta koma baya, ta goge takardar sunan tas.

"Mama, in aiko miki ke kaɗai mu gani?"

"Tuwona na nshima yana hucewa."

"Minti ɗaya, don Allah."

Saƙon ya iso. Kujera ruwan ƙasa tana sheƙi, ba ta motsa ba, ba ta kuma bukatar motsi. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki waya ta kira shago, ta buɗe muryar wayar yadda Luyando za ta ji.

"Habeenzu, mutum biyu sun riga sun kira suna tambaya ko mu ma sai an yi mana karo-karo. Lauya bai gani ba tukuna. Yarinyarka ta gyara, bar ta ta sake aikawa, da ban haƙuri a sama, ba tare da sunanmu ba."

"Sau ɗaya na ce mata, Mama."

"Sau ɗayan bai ƙare ba. Wanda ya yaga shi ke ɗinkewa, kai ne ka fi kowa sani."

Ta cikin wayar aka ji ƙarar gudumar wani daga nesa. Luyando ta riƙe gefen tebur.

"Tana jina?" in ji Kawu.

"Ina ji, Kawu."

"Aika. Amma daga yau duk rawar da za ki sa kujera, a gaban Mama za ta fara yi. In ba ta yi kyau a tsaye ba, ba za ta fita ba." Ya yi tari. "Kuma ki dawo da wuri. An kawo guda shida daga wata makaranta, ki ɗauki hotonsu kafin in farke su."